Sumar Dangin Uwa

A bencin jira na shagon aski, wani mai sanƙo ya dubi kan baƙon da ke gefensa.

"Malam, furfura ta cika maka kai, amma gashinka ko ɗaya bai zube ba."

"Haka ƙabilarmu take. Muna furfura da wuri, sanƙo kuwa sai ɗaiɗaiku."

"Kamar dangin mahaifiyata ke nan. Kakana da sumarsa aka binne shi. Dangin babana kuwa, kafin namiji ya yi aure goshinsa ya kusa ƙeya."

"Kai uba ka biyo."

"Ni kuwa na ɗauka uwa na biyo, don har hancinta na ɗauko. Shi ya sa duk mako nake aske kaina ƙwal, ina cewa suma ba inda za ta. Matata ta yi ta roƙona in tara ta gani ko sau ɗaya."

"Ta gani kuwa?"

"Da na tashi tarawa, gaban ya riga ya tafi. Bara ita ma ta rasu."

"Allah ya jiƙanta."

Mai aski ya kakkaɓe kujera. "Wa ke biye?"

"Shiga, malam. Ni babu mai jiran ganin nawa."