Tauren da Zai Farka

Ranar Asabar a kasuwar dabbobi, nan Karolina, ina zaune bakin garke na ji wata dattijuwa da wani mai askin soja suna ja-in-ja a kan taure.

"Ba na sayar wa soja. Ku sa wa akuya maganin barci, ku harbe ta, wai kuna koyon tsayar da jini!"

"Inna, na bar aikin."

"To yankawa za ka yi?"

"A'a."

"Taure ne fa, ba nono, ba haihuwa. Kai ɗan nan, ƙalau kake?"

"Lokacin horo an ba ni irinsa, an harbe shi a cinya. Wuni guda hannuna na danne da cinyarsa, bai mutu ba. Aka ce na ci jarrabawa."

"Madalla, ya warke ke nan."

"Allurar mutuwa suka yi masa. Ba a bari su farka."

"Ikon Allah! To wa aka ceta?"

"Mutum biyu, daga baya, a fagen yaƙi."

"Wannan kuma me zai yi maka?"

"Ya yi barci, in ga ya tashi da safe."

Ta miƙa masa igiyar tauren.

"Ni dai ban gane ba. Ka riƙe da kyau, yana tsallake shinge."