Waken da Ta Bari

A bencin tasha, wani tsoho ya buɗe gwangwani yana tsince ƙwari daga cikin wake. Matar da ke gefensa ta leƙa.

"Baba, wake kake gyarawa ko ƙwari kake kiwo?"

Ya yi murmushi. "Iri ne, 'yata. Marigayiya matata ce ta bari. Shekara da shekaru tana ajiye shi a ɗakinta, ko huda ɗaya babu."

"Allah Ya jiƙanta. Ka canza masa wuri ne?"

"Yana nan inda ta ajiye shi."

"To, iska na shiga ɗakin?"

Tsohon ya daɗe yana juya murfin gwangwanin. "Tun ranar da aka fita da ita ban buɗe tagar ba."

"Ai shi ke nan. Zafi da danshi ƙwan ƙwaro ke jira. Nan da nan ya ƙyanƙyashe, kafin ka ankara har sun yi jikoki. A wuri mai sanyi, busasshe, ba sa wannan saurin."

"Ƙamshin turarenta ne ba na so ya fita."

Matar ta jawo gwangwanin. Ta ɗebi waken a tafin hannu tana ware marasa huda.

"Duba, Baba, masu lafiya sun fi yawa. Ka shanya su a rana, za su kai shuka."

"Tagar fa?"

"Ita da take buɗewa kullum, me kake jin za ta ce?"

Ya yi 'yar dariya, ya share ido. "Faɗa za ta yi mini."