Abin da Auta Ta Kulle

Yaya: Halo? Salamu alaikum. Auta?

Auta: Wa alaikumus salam. Yaya, ina wuni?

Yaya: Lafiya lau. Ya hanya?

Auta: Alhamdu lillahi, muna cikin mota har yanzu. Ya gida? Ya Anti?

Yaya: Lafiya. An gama taron naku na likitoci?

Auta: An gama, sai gajiya. Ya ƙafar Umma? Tana shan maganin da na bar mata?

Yaya: Tana sha.

Auta: Bayan ta ci abinci fa, ba kafin ba. Ka san halinta.

Yaya: Na ce tana sha. Ya maigidan naki?

Auta: Yana lafiya, ɗazu muka yi waya. Ya aiki? Ya zafi?

Yaya: Da godiya. Ya kowa da kowa?

Auta: Kowa lafiya. Yaya, yau kai ne da gaisuwa har da ya kowa da kowa? Lafiya dai ko?

Yaya: Laifi ne don na gaishe ki?

Auta: A'a, ban dai saba ba ne. Halo? Kana ji na? Mun shiga wani kwari, sabis ɗin na rawa.

Yaya: Ina ji. Wata 'yar tambaya ce dama. Mece ce kalmar sirrin wannan foldar?

Auta: Wace foda?

Yaya: Folda! Ta cikin kwamfutarki. Wadda kika rubuta wa “Asibiti”.

Auta: Kwamfutata? Ai tana ɗakin Umma, cikin durowa, ƙarƙashin zannuwan gado.

Yaya: Tana kan cinyata.

Auta: Wa ya ba ka?

Yaya: Wa zai ba ni? Ɗakin uwata ne. Kwamfutar ma wa ya saya miki ita da kika gama karatu?

Auta: Kai ka saya, na kuma gode, na sake godewa. Amma ba ka sayi abin da ke cikinta ba. Ta yaya ma ka shiga?

Yaya: Sunan Umma kika sa. Ina rubutawa ta buɗe. Wai ke likita.

Auta: Wannan ta waje ce, na bar ta da sauƙi don Umma ta riƙa kallon hotuna. Ta cikin ba irinta ba ce. Rufe ta ka mayar inda ka ɗauko.

Yaya: Ni kike ba umarni?

Auta: Roƙonka nake. Yaya, bayanan marasa lafiyana ne a ciki. Kwamfutar asibitinmu a kan teburin karɓar baƙi take, kowa ya zo wucewa sai ya leƙa, shi ya sa masu nauyin nake ajiye su a tawa. Akwai matan layinmu a ciki. Akwai mutanen da kuke sahu ɗaya da su a masallaci. Amana suka ba ni.

Yaya: Ba ruwana da cutar kowa. Abu ɗaya nake nema, kin kuma san shi.

Auta: Ban sani ba.

Yaya: Kin sani. Gwajin da kika yi wa matata. Na haihuwa.

Auta: Gwajin da na yi muku, kai da ita.

Yaya: Ni raka ta na yi. Ta dame ni da kuka, na ce to, a yi a huta. Takardarta nake so.

Auta: Sau nawa na ce ka zo ofis mu zauna? Ka ce aiki. Na sake kira, ka ce tafiya. Na zo gidan da ƙafata, ka ɗauki makullin mota ka fice ka bar ni da kofin ruwa a hannu.

Yaya: Me zan zauna in yi a ofishin ƙanwata? Ki sa gilashi ki yi mini lacca? Yarinyar da na goya?

Auta: To yau me ya taso da maganar?

Yaya: Umma da Kawu suna hanya. Yau za a yi ta ta ƙare. Shekara da shekaru gida shiru kamar ba mutane, duk taron dangi sai an kalle ni an yi ƙus-ƙus. Umma ta ce ta gaji, a sallami 'yar mutane ta koma gidansu. Kawu ya ce shi ba zai sa baki a raba aure da ka ba, sai ya ga takardar likita da idonsa. To takardar nake so in nuna masa.

Auta: Inna lillahi. Ita Antin ta san da zuwan nasu?

Yaya: Tana ɗaki tana haɗa kaya.

Auta: Kuma ka zauna a falo da kwamfutata kana neman abin da za ka kore ta da shi.

Yaya: Kada ki gaya mini magana. Kalmar kawai.

Auta: Ba zan bayar ba.

Yaya: Me kika ce? Layin ya ɗauke.

Auta: Na ce ba zan bayar ba.

Yaya: To ki sani ba ke kaɗai kika iya boko ba. Da safe na kai ta wurin mai gyara.

Auta: Ka kai ta ina?

Yaya: Wurin mai gyaran kwamfuta, na bakin kasuwa.

Auta: Ka ɗauki sirrin mutane ka kai shagon bakin kasuwa? Inda ake zama ana hira ana cajin waya? Yaya, kana da hankali kuwa?

Yaya: Ki iya bakinki.

Auta: Me ya yi mata?

Yaya: Ya kwance bayanta, ya ciro abin da ke ajiye bayanan, ya jona a tasa.

Auta: Sai ya ga me?

Yaya: Shirme. Haruffa da lambobi a cakuɗe kamar kaji sun yi tonon ƙasa. Ya ce wai ba kulle ƙofa kika yi ba, rubutun kansa kika dagula, in ba kalmar ba ko shekara zai yi a kai ba abin da zai karanta. Na ce masa ai kowane kwaɗo da gudumarsa. Ya yi mini dariya, mara kunya. Wai abin da zai iya kawai shi ne ya goge komai ta dawo sabuwa.

Auta: Ka ce ya goge?

Yaya: Ban ce ba tukuna.

Auta: Tukuna.

Yaya: Eh, tukuna. Shagon bai tashi ba. In ba ki ba ni ba, in koma ya share ta tas, kowa ya rasa.

Auta: Ka goge. Ina da wani kwafin a ofis, shi ma a kulle. Hotunan Umma ne kawai za su tafi, sai ka yi mata bayani.

Yaya: Kin ga irin halin naki ko? Tun kina ƙarama haka kike, ƙunshe-ƙunshe, komai a ƙarƙashin filo. Na gwada ranar haihuwarki, na gwada sunan mijinki, na gwada na marigayi Baba. Har nawa na gwada.

Auta: Har naka? Allah sarki.

Yaya: Kada ki yi mini Allah sarki.

Auta: Ba suna ba ne, Yaya, ka daina wahalar da yatsunka. Jimla ce guda, doguwa, da ƙa mai lanƙwasa da ɗa mai lanƙwasa. Ko na karanto maka, kai da ko a saƙon waya “kofa” kake rubutawa a maimakon “ƙofa”, sai magariba ta yi ba ka shiga ba.

Yaya: Ni kike wa ba'a? Saboda wata bare? Ni ne jininki ko ita? Me ta ba ki? Dama na lura, kullum kuna ɗaki kuna ƙus-ƙus, in na shigo ku yi tsit. Kin haɗa kai da ita kuna rufe mini abin da ke jikinta, ina ta zaman jiran gawon...

Auta: Ya isa.

Yaya: Bai isa ba! Zan gaya wa Umma ke kika hana. Ta ji da kunnenta cewa autarta ta zaɓi matar wa a kan wanta.

Auta: Gaya mata. Direba, don Allah rage rediyon nan. Yaya, kana ina yanzu?

Yaya: Na ce miki ina falo.

Auta: Kai kaɗai?

Yaya: Ni da kujeru.

Auta: Ba ka sa ni a sifika ba?

Yaya: A kunnena kike. Mene ne?

Auta: Bari mu tsaya, ga shi za a sha mai. Zan sauka in matsa gefe, ba zan yi wannan maganar a cikin mutane ba. Kada ka kashe.

Yaya: Katina kike ci.

Auta: Na sauka. Ka ji, takardar Anti ba zan ba ka ba, ko yau ko gobe, don tata ce. Ita kaɗai ke da ikon nuna ta. Amma akwai wadda kake da iko da ita, ita nake ta bin ka ka zo ka karɓa. Ban so in faɗa maka a waya ba, a bakin gidan mai, ana hura mini hayaƙi. Kai ka ja.

Yaya: Faɗi abin da za ki faɗa.

Auta: Sakamakon da ya nuna matsala, na... ne.

Yaya: Nata ne. To ai shi ke nan, abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Da kin faɗa tun farko da...

Auta: Ba nata na ce ba. Wata babbar mota ce ta wuce. Naka na ce.

Yaya: Nata.

Auta: Naka, Yaya. Ka. Kai.

Yaya: Layin nan ba shi da kyau.

Auta: Layin garau yake. Ina jin ƙarar fankarka, ina jin numfashinka.

Yaya: Ƙarya kike.

Auta: Na so a ce ƙarya ce.

Yaya: Kun yi kuskure a asibitin naku. Kun musanya da na wani.

Auta: Ni ma haka na yi fata. Na raba abin gida biyu, na aika rabi wani ɗakin gwajin da ba su san ka ba, ba su san ni ba. Amsa ɗaya suka dawo da ita. Kuma ba ƙarshen duniya ba ne, wallahi. Irin naka ana dacewa da magani, na ga waɗanda suka dace. Amma sai mutum ya zo ya zauna an fara. Halo? Yaya?

Yaya: Ina ji.

Auta: Ka gane abin da na faɗa maka?

Yaya: Ita ta sani?

Auta: Ta ga nata, ta ga lafiyarta ƙalau. Ba yarinya ba ce, ta gane sauran da kanta. Ban buɗe baki ba ta riƙe mini hannu, ta ce in rufa maka asiri ko Umma kada ta ji, har sai ka zo da ƙafarka. A gabanta na kulle foldar. Duk gorin da ake mata a gidan nan, da habaicin Umma, da jiƙe-jiƙen da ake ɗura mata, tana sane take haɗiyewa. Ƙus-ƙus ɗin da kake ji muna yi ke nan.

Yaya: Ta fito da akwatin. Ga ta can ta ajiye a bakin ƙofa.

Auta: To tashi ka karɓe shi ka mayar ɗaki.

Yaya: Ga motar Kawu nan ta tsaya.

Auta: Yaya, tashi mana.

Yaya: Auta.

Auta: Na'am.

Yaya: Wannan kullen naki. Kin tabbata ba mai iya buɗe shi?

Auta: Ba mai iyawa.

Yaya: Mai gyaran nan bai kwafi komai ba? Da ya jona a tasa?

Auta: Ko ya kwafa, shirmen da ka gani shi zai gani.

Yaya: Na ofis ɗin fa?

Auta: Shi ma haka.

Yaya: Ko Umma ta matsa miki? Ko ta ce za ta yi fushi da ke?

Auta: Ko Umma. Sirrinka ne, ba mai jin sa a bakina sai da izininka. Haka aikin yake.

Yaya: To madalla.

Auta: Madalla da me? Me za ka ce musu?

Yaya: Zan ce kwamfutar ta ƙi buɗuwa.

Auta: Sai kuma me? Anti fa? Akwatin fa?

Yaya: Ga su nan sun shigo. Sannu da zuwa, Kawu. Umma, sannunku, ku shigo daga ciki.

Auta: Yaya, ba don haka na kulle ba. Ka ji ni? Ba ta wayar. Ba Anti wayar in yi mata magana. Yaya!

Yaya: A'a, Auta ce, gaisuwa ta kira. Tana gaishe ku.

Auta: Halo? Halo?