Kujerar Sir Aubrey

A ɗakin jiran jirgin ƙasa na ƙauyenmu a Ingila, wani dattijo riƙe da furanni ya zauna kusa da wata mata mai baƙar hula.

"Jana'izar Sir Aubrey za ka, yallaɓai?"

"Ɗan majalisarmu sarkin gyangyaɗi? Can za ni. Kujerar majalisar nan tawa ce, baiwar Allah. Ranar da jam'iyyar 'yan mazan jiya ta zo fid da ɗan takara, ni aka tafa wa. Sai kwamiti ya ce kowa ya shigo da matarsa a gani. Ni tuzuru, shi kuwa ya shigo da Rosalind, wadda ni na fara nema."

"Kujerar ke ci maka rai ko Rosalind?"

"Yau dai ya saki duka biyun."

"Ashe furannin ba na kabari ba ne."

"Kabari ya san ƙamshi? Kafin kwamiti ya sake zama, na yi aure."

"Ai mu 'yan kwamitin mun zauna jiya. Rosalind muka ba takarar."

Dattijon ya daɗe yana kallon furannin.

"To ni fa?"

"In ta amsa maka, kai za ka riƙe mata jaka in tana jawabi. Murmushi muke so, ban da magana."