Ramukan Layin Mai Faci

A bakin titin Kpakungu, Irimiya mai faci na zaune kan tsohuwar taya yana hararar allon tseren keken taimakon al'umma. Wata mata mai jiran Napep ta raɓe a rumfarsa.

"Hajiya, kin yarda da mutanen nan? Ƙato da gemunsa ya sa gajeren wando, ya yi ta tuƙa keke cikin rana, wai don Allah?"

"Ai mun gani a ƙasa, Malam. Da kuɗin tseren bara suka cike ramukan layin nan."

"Wa ya roƙe su? Ga makaranta ba rufi, ga unguwa ba ruwa, sai layin nan kawai suka gani? Turo su aka yi."

"Wa zai turo su?"

"Oho! Da kullum nan sai mota ta tsaya, babur ya tsaya. Yanzu kowa fuu, ko sannu babu."

Matar ta dubi injin iskarsa da gizo-gizo ya yi wa saƙa, ta dubi titi sumul.

"Malam, yaushe rabonka da faci?"

Irimiya ya kau da kai. "Hajiya, ga Napep ɗinki can."