Ta Gefe Ake Sa Shi

A rumfar kayan injuna a kasuwar Gaya, wani dattijo ya dire buhu kusa da wata mata.

"Sannu, Baba. Me ke ƙara haka cikin buhu?"

"Injin ban ruwana ne, 'yar nan, daga Tunuga. Kwana uku ina kwance shi, shinkafa na can tana bushewa."

"Me ya same shi?"

Ya nuna mata ɗan zoben ƙarfe.

"Sirkilif ne, mai riƙe faifai jikin sandar injin. Na cire komai don in zura sabo ta kan sandar, sai na ga a karye aka sayar mini. Dubi gefen nan a buɗe. Faɗa na zo yi."

"Haka ake ƙera shi, Baba. Ta gefe ake danna shi cikin tsagin sandar, ba a kwance komai. Ni ke sa wa injin markaɗena."

Ya dubi buhun.

"Shekara ashirin ƙauyenmu na kirana bakanike."

"To, yanzu fa?"

"Yanzu ki rage murya, don Allah. Mota guda muka zo da 'yan ƙauyen."