Akwatin da Yayana Ya Ce Ya Lalace

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar ƙungiyar makaɗa da mataimakanta, dattawan sana'a da suka riga mu riƙe jita, malamai masu koyar da kiɗa, 'yan'uwana masu gyaran kayan sauti, da sauran jama'a maza da mata, ina yi muku sallama, ina kuma yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga kwamitin da ya gayyace ni, duk da ya san ni ba makaɗi ba ne. Shekara ashirin da biyu ina zaune a bayan teburi da ƙarfen narka dalma a hannu, ina buɗe cikin abin da kuka taka ya ƙi magana. An ce ƙungiya za ta zuba kaya a sabon ɗakin gwaji, kuma kawuna sun rabu biyu. Wasu na son feda ɗai-ɗai a haɗa su da akwatin sauyi. Wasu na son akwati guda mai ɗauke da dukan sautuka, wanda a shagona muke kira komai-da-ruwanka. An ce in faɗi wanda ya fi.

Abu na farko, don waɗanda suka rako 'yan'uwa ba su san kan zancen ba. Feda ɗan ƙaramin akwati ne da makaɗi ke takawa ya canza muryar jita: wannan ya sa ta gurnani, wancan ya sa ta amsa-kuwwa. Mai feda takwas, idan waƙa ta juya, sai ya taka uku a cikin numfashi ɗaya, ka gan shi kamar mai kashe kyankyasai. Akwatin sauyi shi ke raba shi da wannan rawa, domin kowace feda tana da ƙofarta a jikinsa, taku ɗaya ya buɗe waɗanda ake so ya rufe sauran, kuma idan ɗaya ta mutu a kewaye ta a ci gaba. Amma kayan suna da nauyi, wayoyi sun yi yawa, kuma kowace waya tana jiran ranarta.

Abu na biyu, komai-da-ruwanka. Waya ɗaya ta wuta, jaka ɗaya a kafaɗa, sautuka ɗaruruwa a jere da lambobinsu a kan ɗan allo. Ba ya wahalar da baya. Sai dai ranar da ya yi shiru, komai ya yi shiru tare da shi, kuma duk wanda zai yi hulɗa da shi sai ya karanta allon nan.

Abu na uku labari ne, kuma mai labarin ya ba ni izini.

Yayana, wanda yawancinku kuka sani da Bahago, ya yi shekara talatin yana kaɗa jita da feda takwas a kan wani katako da ya ƙera da kansa. Ƙafarsa ta san wurin kowace ɗaya kamar yadda harshe ya san haƙora. Da girma ya fara kama shi, baya ya soma ciwo. Babbar 'yarsa, wadda malamar makaranta ce, ta gaji da ganin ubanta yana hawa bene da katakon nan a ka, sai ta kawo masa komai-da-ruwanka sabo fil. Ta zauna ta jera masa sautukansa da lambobi, ta rubuta su a takarda. Ya yi godiya, ya tura katakon ƙarƙashin gado.

Wata biyu bayan haka aka gayyaci ƙungiyarsu wasa a babban ɗakin taro na wata kwaleji, da misalin ƙarfe huɗu na yamma. Ana tsakiyar wata waƙa mai sanyi, mawaƙiyarsu ta sassauta murya, sai ƙafar Yaya ta zame ta taka maɓallin da ke tsallakawa zuwa wani shafin sautuka. Jita ta yi ruri kamar injin niƙa. Ya sake takawa, abin ya ƙara lalacewa. Waɗanda suke wurin sun ce ya sunkuya ya daɗe yana duban allon, sannan ya miƙe, ya kashe muryar jitar, ya tsaya da hannuwa a gefe har aka gama waƙar babu shi.

Washegari ya ajiye mini akwatin a kan teburi ya ce ya lalace, in gyara ko in jefar. Kwana uku ina bincike. Na gwada kowane maɓalli, na auna wuta, na girgiza shi, na bar shi a kunne yini guda. Lafiyarsa ƙalau. Da ya dawo na gaya masa haka, ya ce ai dama gyarana sai a hankali, tun muna yara rediyon gidanmu da na buɗe bai sake magana ba. Ban musa ba, domin gaskiya ne.

Sai na kunna akwatin, na ajiye shi a ƙasa inda yake zama in ana wasa, na ce, "Yaya, lamba nawa ke kan allon nan?"

Ya duba. Ya gyara tsayuwa ya sake dubawa. Ya ce hasken shagona ba shi da kyau. Na buɗe taga. Sai ya jawo kujera ya zauna.

Ya ce, "Shekara biyu ke nan. Ko matata ban gaya wa ba."

Ashe duk tsawon lokacin nan ƙafa ce ke yi masa aikin ido, shi ya sa babu wanda ya lura. Takardar da 'yarsa ta rubuta haddace ta ya yi. Ranar wanka kuwa ba a ɓoye cibi. Abin da ya fi damunsa, in ji shi, kada yarinyar ta ɗauka kyautarta ce ta kunyata shi.

Mun yi abu biyu. Na jawo katakon daga ƙarƙashin gado, na raba shi gida biyu don ya yi sauƙin ɗauka, na haɗa fedojin da akwatin sauyi mai maɓalli biyar, na manna wa kowane maɓalli roba mai kaurin da ya bambanta da na ɗan'uwansa. Ita kuma 'yar, da ta ji, ba ta tsaya kuka ba, asibiti ta kai shi a satin. Likita ya ce idon hagu an makara. Na dama ana riƙe da shi da magani.

Komai-da-ruwankan nasa kuwa yana hannun wata makaɗiya a ƙungiyarsu, wadda ke hawa mota biyu kafin ta iso wurin gwaji. Sautin da take fitarwa da shi, na rantse da ku ban taɓa sanin yana ciki ba.

Don haka ga amsata. Ɗakin da mutum ashirin za su riƙa shiga suna fita, ku sa masa komai-da-ruwanka, kowa ya ajiye sautinsa a lambarsa, wayoyi su huta da hannaye. Amma ku bar kusurwa ɗaya ga feda da akwatin sauyi, domin a cikinmu akwai masu kallo, akwai masu lalube, kuma wanda ke cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kafin ku tambayi wane akwati ya fi, ku tambayi wa zai taka shi.

Yanzu idan na sauka, Yaya zai hau ya kaɗa muku waƙar da bai ƙarasa ba a kwalejin. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada kowa ya tashi ya kama masa hannu. Ya ƙirga matakan hawa dandamalin nan tun da safe, guda huɗu ne.

Allah ya albarkaci wannan ƙungiya, ya sa ɗakin nan ya amfani na yanzu da na baya. Allah ya kare mana idanunmu da kunnuwanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.